Jigo ya tafi, kwando yana nan

Wanda ya ɗauki hanyar Zariya daga Kano a watan Fabrairu, da zarar ya wuce Kura zai fara cin karo da ja. Ja a bakin titi, ja a bayan a-kori-kura, ja a kan amalanke, har ya isa Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Malam, inda kwandunan tumatir ke jere sahu-sahu iya ganin ido, manyan motoci kuma suna jiran lodi zuwa Legas da Fatakwal da Anaca. Tumatirin da ke cikin kwandunan nan ruwan dam ya sha, ko kuwa injin fetur ne ya ɗago masa ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Irinsa a gwangwani ya iso daga ƙetare, maganin da aka fesa masa ma haka. Kwandon da aka zuba shi ciki kuwa saƙar hannu ce, irin wadda kakan manomin ya sani. Cikin shekara hamsin an sauya kusan duk abin da ke kai ruwa gindin tumatir, amma abin da ke ɗaukarsa bayan an tsinke yana nan yadda yake.

Tumatir baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa yankin tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, mutanen Meziko suka mai da shi abin nomawa, Sifaniyawa suka haye teku da shi a ƙarni na 16. Kafin ya zama gishirin kowace tukunya, miyar Bahaushe ta kuka ce da kuɓewa da karkashi da yakuwa da taushe, kuma babu wadda ta dogara da shi a cikinsu. Da ya zo bai zo da kayan aikinsa ba. Lambun da ya tarar shi ya shiga, na albasa da alkama da taba da barkono, ya ari kayan aikinsu. Babba a cikin kayan nan shi ne jigo.

Yaran yanzu sun fi sanin kalmar a bakin 'yan siyasa, jigon jam'iyya, ko a ajin adabi, jigon labari. Asalinta a bakin rafi take. Akan kafa itace biyu masu gwafa a gaɓar ruwa ko bakin rijiya, a gitta wani a kansu, sannan a ɗaura doguwar sanda a kan wanda aka gitta ɗin yadda za ta riƙa sunkuyawa tana ɗagowa. A gajeren ɓangarenta na baya a manna curin laka mai nauyi, a dogon ɓangaren kuma a rataya igiya ko siririyar sanda mai ɗauke da ƙwarya ko guga. Mai lambu ya ja igiyar ƙasa har ƙwaryar ta nutse, ya sassauta hannu, nauyin lakar ya ɗago ruwan, ya juye a bakin magudana. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma tsohuwa ce ƙwarai, don akwai zanenta a kaburburan Masar na zamanin Fir'aunoni. Babu ƙarfe a jikinta, babu abin da sai an je kasuwa. Itace daga daji, laka daga rafin, ƙwarya daga gona.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana kan jigo, ɗaya, yawanci yaro, yana cikin lambu da 'yar fartanya yana bin ruwan. An riga an yanka filin fangali-fangali, kowane da ɗan bangonsa na ƙasa. Yaron ya fasa bakin wannan fangali ruwa ya shiga, in ya ƙoshi ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Inda gaɓa ta yi tsawo sai a kafa jigo biyu, na ƙasa ya zuba a rami, na sama ya ɗauka daga nan. Tun asuba ake farawa, cikin sanyin hunturu, ƙafa a jiƙe, tafin hannu duk kanta. Haka aka yi noman rani a bakin Jakara da Getsi a Kano, da Kubanni da Galma a Zariya, da fadamun Rima a Sakkwato. Iyakar lambun mutum iyakar ƙarfin kafaɗarsa: jigo ɗaya da ƙyar yake shayar da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na hekta. Saboda haka tumatirin wancan zamani na kasuwar gari ne, a kasa shi kashi-kashi a faifai, a sayar kafin la'asar.

A Asbin, can arewacin Nijar, masu lambu sun bi wata hanyar. A da, a Timiya da Tabelot raƙumi ko sa ke jan igiya ta kan gargare, ya ɗago babban gugan fata daga rijiya, gugan ya juye da kansa a kwararo, dabbar ta juyo a sake. Da wannan suka noma alkama da albasa da tumatir a tsakiyar duwatsu, tumatirin kuma su shanya shi ya bushe don ya jure tafiya zuwa Agadas da kasuwannin kudu.

A ƙasar Kano dabbar lambu jaki ne. Ba ya ɗaga ruwa, amma shi ne ya ciyar da ƙasar. A da, da rani jakuna kan shigo birni da itace da kara, su fita da mangala cike da toka da shara da kashin awaki, takin da ya sa gonakin kewayen Kano suka yi ɗaruruwan shekaru ana noma su ba hutu. Shi ne kuma ke kai kwando biyu kasuwa, ɗaya a kowane gefe. Shanun huɗa daga baya suka zo. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawan mulki ta fara ba manoma rancen bijimai biyu da garmar ƙarfe, don gyaɗa da auduga. Ba a yi shirin don mai lambu ba, amma ya ci moriyarsa, domin bijiman da suka yi huɗa da damina su ne ke jan amalanken taki da na tumatir da rani. Sauran aikin, kafta da gyaran fangali da dashe da cire ciyawa, na garmar hannu ne da fartanya, ƙirar maƙerin ƙauye, har gobe.

Babban sauyi ya zo da Audu Baƙo, gwamnan jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka datse kogin Kano a Tiga, aka fara aikin a 1971 aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1973 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi a faɗin Arewa. Dam ɗin yana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan babbar hanyar ruwa ta kankare ta ɗauko shi, ta bi ta Ruwan Kanya, ta rarrabu ƙanana-ƙanana a filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma bayan kafa hukumomin raya koguna a 1976 ya koma hannun hukumar Haɗeja da Jama'are. Gangara ce ke tafiyar da ruwan, babu inji. Abin da ya maye gurbin jigo a nan ɗan lanƙwasasshen bututu ne: manomi ya nutsa shi a kwata ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan bango, ya saki, ruwa ya yi ta zuba cikin kunya da kansa. Wanda ya yi shekara ashirin yana jan jigo ya ga wannan, ya san duniya ta juya.

Waɗanda suka zana aikin alkama ce a ransu, da tarakta da injin girbi da manoma masu bin jadawali. An kawo taraktocin, an buɗe ofisoshin hayarsu, amma samunsu a kan kari ya zama sai mai uwa a gindin murhu, kuma kayan gyara suka yi wuya bayan kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980. Hatta hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 bai daɗe yana riƙe manoma ba. Su sun yi nasu lissafin. Sanyin dare na hunturu shi tumatir ke so don ya ɗaure fure, ga titin kwalta ya ratsa ta tsakiyar filin ya nufi Kudu, ga biranen Kudu suna cika da masu cin miyar dage-dage da dafa-duka. Alkama sau ɗaya ake girbe ta, tumatir kuwa a yi ta tsinka mako-mako, kuɗi na shigowa. Haka Kadawa ta zama sunan da 'yan gwari ke ambata a Legas.

Sai dai ruwan dam na wanda gonarsa ke ƙarƙashin kwata ne. Abin da ya kai tumatir lungu-lungu ƙaramin inji ne da mutum ɗaya zai ɗora a bayan babur. A farkon shekarun 1980 hukumomin raya karkara da Bankin Duniya ya tallafa wa, irin su KNARDA a Kano, suka fara sayar wa manoma injin ban-ruwa mai bakin inci biyu ko uku, yawanci ƙirar Japan irin su Honda, cikin rangwame. Tare da shi aka kawo dabarar huda fadama: a tura bututu cikin yashi da ƙarfin ruwa, mita kaɗan a tarar da ruwa kwance, a bar bututun roba a ciki ya zama 'yar rijiyar burtsatse. Shirin Fadama na farko, daga 1993 zuwa 1999, ya baza wannan a jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da Kabi. Daga baya injunan Sin masu araha suka cika kasuwa, kowane gari ya sami makanikensa. Inji ɗaya da mesa mai tsawo suna shayar da hekta guda ko fiye, aikin jigo goma, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya tayar da shi. Cikin shekaru kaɗan jigo ya ɓace daga yawancin rafuka, babu wanda ya hana shi, babu kuma wanda ya yi kewarsa cikin waɗanda suka ja shi.

Injin nan ya yi abin da taraktar gwamnati ta kasa, kuma dalilin a fili yake: na manomin ne, yana kwana a ɗakinsa, ba ya jiran sa hannun kowa. Amma ya zo da nasa nauyin. Fadamar da a da makiyaya ke saukowa cikinta da rani don ciyawa da ruwa ta koma lambu daga wannan gaɓa zuwa waccan, burtali ya tsuke, mashaya ta toshe. Shingen ƙaya da 'yar bukkar kara da mai lambu ke kwana ciki yana gadi sun zama gine-ginen farko na wannan sana'a, kuma rigingimu da yawa tsakanin manomi da makiyayi a bakin shingen nan suka faro. Na biyu, injin ya ɗaure tumatir da farashin fetur. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a shekarar da ta biyo. Wasu suka rage fili, wasu suka juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki, masu hali suka sayi faifan sola da famfonsa.

Shi kansa irin yana da labarin inji a bayansa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wani masanin iri mai suna Jack Hanna da injiniya Coby Lorenzen suka ƙera injin girbin tumatir wanda ya shiga gonaki a farkon shekarun 1960. Injin yana yanke shukar ne gaba ɗaya ya girgiza ta, don haka sai da aka samar da tumatir gajere, mai taurin fata, mai nuna kusan lokaci guda. Daga wannan jami'a UC82 ya fito a shekarun 1970, kuma shi da Roma suka mamaye lambunan Arewa, suka tura irin su ɗan Siriya da ɗan Baga gefe. A kasuwa sunan da ya fi fita ga tumatir mai tauri shi ne UTC. Injin girbin bai zo Kadawa ba, mata da yara da 'yan ƙwadago ke tsinka da hannu cikin bokiti da daro. Amma taurin da aka yi domin ƙarfen inji shi ne ke sa tumatirin ya kai Legas da sauran kamanninsa, kuma gajartarsa ta hutar da manomi kafa masa sanda.

Sai famfon feshi na goyo, wanda yanzu babu lambun da babu shi. An ga iyakarsa a 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka raɗa wa Sharon, ta faɗa wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta ci daga ciki, inda magani ba ya taɓa ta sosai, ta huda 'ya'yan, cikin 'yan kwanaki gona ta koma kamar an babbake. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Manoma suka yi ta ƙara magani a kan magani, da yawa ba takunkumi ba safar hannu, tsutsar kuma ta saba da shi. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023.

Duk wannan kafin tsinka ne. Daga tsinka zuwa tukunya, mulkin kwando ne. Yawancin kwandunan ma ba a Arewa ake saƙa su ba. Daga ƙasar Ibo suke zuwa, inda ake tsaga zarbar kwakwar manja da ta tukurwa a saƙa, a cusa wani cikin wani, a ɗaure su dogo-dogo a kan motocin da suka sauke kaya. Babba yana cin kilo 50 zuwa 60. A cika shi har ya yi tozo, a rufe da takardar buhu ko ciyawa, a ɗaure da igiya. Ƙasansa a tsuke yake, bakinsa a buɗe, saboda haka duk nauyin yana sauka kan 'ya'yan da ke ƙasa, tsinin saƙar kuma yana soke na gefe. A cikin mota a jera sahu, a gitta katako, a ɗora wani sahun. Har a kan tankar mai ana ɗaure shi. Tsakanin Kano da kasuwar Mile 12 ta Legas kusan kilomita 1,000 ne, kwana biyu in hanya ta yi kyau, in mota ta lalace ko shingaye suka yi yawa ya zama uku ko huɗu, ruwan tumatir yana ɗiga a kwalta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na abin da aka noma ba ya kaiwa tukunya. Ruwan Tiga ne da fetur da taki da gumin wata huɗu ke tsiyaya a hanyar.

Ba don rashin sanin magani ba ne. Akwatin roba mai cin kilo 25, wanda ake ɗora wani kan wani ba tare da ya danne na ciki ba, an gwada shi, an kuma ga asara ta ragu ƙwarai. Wani shiri mai suna GEMS4 da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya yi ta tallata shi a tsakiyar shekarun 2010. Amma kwando ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma ba a jiran ya dawo. Akwati kuwa dukiya ce, sai an san wanda zai tattara shi a Legas, da wanda zai biya kuɗin motar da za ta maido shi fanko, da wanda zai ɗauki asara in ya ɓata. Ban da haka, kwando shi ne mudun sana'ar. Da shi dillali ke yanka farashi da la'adarsa, da shi ake biyan ɗan dako da direba da mai karɓar haraji. Wanda zai sauya shi sai ya sauya lissafin mutum dubu a lokaci guda, manomin da ya fi kowa cutuwa kuma shi ne mai ƙaramar murya a cikinsu.

In kasuwa ta faɗi, a watan Fabrairu da Maris lokacin da kowa ke tsinka, har kuɗin kwandon ya nemi fin na abin da ke ciki, sai a koma ga wuƙa da rana. A tsaga tumatir biyu a baza shi a ƙasa, ko kan dutse, ko gefen kwalta, ya yi kwanaki ya zama kauɗa. Ita ce ma'ajiyar talaka, ita ke riƙe miya daga Mayu zuwa Yuli lokacin da ɗanye ke gagarar mutane. Amma ƙura da yashi da awaki duk suna da rabo a ciki, abin da shimfiɗar leda ko ɗan gadon waya zai rage. An ga amfaninta a farkon 2021, sa'ad da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Tumatir ba ya jiran sulhu, wanda bai yanka ya shanya ba zubarwa ya yi.

Manyan gine-ginen da aka yi domin wannan matsala su ne masana'antu, kuma tarihinsu ba mai daɗi ba ne. A shekarun 1970 kamfanin Cadbury yana sarrafa tumatir a Zariya, Vegfru kuma kusa da Dadin Kowa. An gina wata a Ikara a farkon shekarun 1980. Kowace ta yi zamaninta ta tsaya, ko ta yi ta tashi tana faɗuwa. A watan Maris na 2016 kamfanin Dangote ya buɗe tasa a Kadawa, mai iya cinye tan 1,200 a rana: a wanke, a niƙa da zafi, a tace ƙwallo da ɓawo, a ƙafe ruwan har kilo shida ya koma kusan ɗaya, a ɗura a ganguna. Watanni kaɗan ta yi ta tsaya, shekarar Sharon ce, sai 2019 ta sake motsi. Lissafin ne mai wuya. Tan 1,200 kwando 24,000 ne kowace rana. A Kalifoniya hekta tana ba da sama da tan 100, a nan yawanci ba ta kai 10 ba, wato injin yana son amfanin shekara na fiye da hekta 120 kullum. Ga shi tumatirin na 'yan watanni ne. In ya yi araha manomi na son kai wa masana'anta, in ya yi tsada Kwanar Gafan ta fi biya. A gefe guda kuma ga markaɗaɗɗen tumatirin Sin yana shigowa a ganguna, duk da harajin kashi 50 cikin 100 da ƙarin dala 1,500 kan kowane tan da gwamnati ta ɗora masa a 2017. Waɗanda suka zo daga baya, GBfoods a ƙasar Yawuri da Tomato Jos a Kaduna, sun fara ne daga gona, da nasu filin da nasu manoman, kafin su dogara da inji.

A 'yan shekarun nan an fara ganin ƙananan abubuwa masu kama da injin ban-ruwa a farkon zuwansa. Akwai ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin na kamfanin ColdHubs da aka kafa a Owerri a 2015, inda ɗan kasuwa ke biyan kuɗin kwana kan kowane akwati. Akwai masu ba da hayar akwatin roba, su bi shi har Kudu su maido. Akwai rumfunan raga da ake rainon iri cikin faranti mai gurbi-gurbi maimakon fangalin bakin rafi. A bakin kwatocin Kura da Bunkure faifan sola yana jingine inda a da jarkar fetur take. Amma a ƙarshen Disamba, kafin tsinkar fari, motocin da ke hawowa daga Anaca suna isowa Kwanar Gafan da sababbin kwanduna a ɗaure har sun fi motar tsawo, yara suna sauke su suna jerawa a bakin rumfunan dillalai.